Adireshin da Ba Ya Faɗuwa a Bakin Inna

Tun ina ƙarama na san gidanmu da atishawa. Duk wanda ya shigo zaurenmu a Malumfashi, kafin ya kai ƙarshen sallama sai ya yi biyu ko uku, domin Inna yaji take dakawa, kuma sana'arta ke nan tun kafin a haife ni. Barkono daga kasuwar Danja ake kawo mata, gyaɗar ƙuli daga wajen danginta a Kafur, citta da kanumfari da masoro kuwa ita take zuwa Funtua da kanta ta zaɓo, don ba ta yarda da hancin kowa ba. Tana yin yajin jego, da na tsire, da na daddawa. Bayan rasuwar Baba wannan turmin ne ya riƙe gidan, shi ya ƙarasa mana karatu.

Talla kuwa ba ta taɓa sa kowa ya yi mata ba, da bakinta take yi. In ka zauna kusa da Inna a motar Funtua, kafin a kai Bakori ka san duk amfanin yajinta a jiki, ka san matar wane da ta ci ta ji daɗin jego, kuma akwai ƙulli ɗaya a aljihunka wanda ba ka tuna lokacin da ka amince ka saya ba. Gidan suna, gidan biki, layin asibiti, har zaman makoki in an kwana biyu hankali ya ɗan kwanta, duk kasuwa ce a wurinta. Tana son sana'ar nan, kuma tana son a san cewa ita ce mai yin ta.

Ni ce ta uku a ɗakinta. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, gidan aurena kuma layi biyu ne tsakaninsa da nata, don haka duk abin da ya shafi waya a kaina yake faɗawa. Ni na buɗe mata imel na farko, irin na kyauta da kowa yake da shi. Na so in sa masa “inna mai yaji”, aka ce wata ta riga mu, na yi ta ƙara masa lambobi a wutsiya har ya karɓu. Da shi na riƙa aika hotunan kayanmu zuwa manyan kantunan Abuja da Kano, ina lanƙwasa Turancina na malamar firamare, ina jiran amsa. Ko “mun gani” ba wanda ya taɓa ce mana.

Ana haka Yaya ya zo hutun babbar Sallah. Yaya shi ne ɗan farin Inna, ma'aikacin ofis ne a Kaduna, mutum mai kirki da riƙon zumunci, sai dai Allah ya jarrabe shi da son bita. Ba a taron ƙara wa juna sani a otal ba tare da shi ba, kuma ba ya dawowa hannu rabbana: sai da jaka mai tambari, da biro, da sabuwar kalma da zai yi watanni yana dukanmu da ita. A wannan karon bitar tallan zamani ya je. Ya karɓi wayata yana duba saƙonnin da na aika, da idonsa ya faɗa kan adireshin sai ya dafe kai ya yi salati, har Inna ta leƙo daga madafa tana zaton rasuwa aka yi.

Nan ya zaunar da mu ya juye mana bitar kaf. Ya ce adireshin kyauta kamar mai talla a tasha ne, yau yana nan gobe ba a san inda ya yi ba, kuma duk manajan kantin da ya ga irinsa zai ɗauka ɗan damfara ne, in ma saƙon ya kai gabansa ke nan bai zarce kwandon shara ba. Ya ce abin da ake bukata shi ne adireshi na kanka, wanda sunan kamfaninka ne a ƙarshensa, ba sunan masu raba na kyauta ba. Wannan, in ji shi, shago ne mai ƙofa da allo. Domen ya kira shi, kuma kafin naman layya ya soyu har Inna ta haddace kalmar.

Na ce masa yaji muke sayarwa, ba jirgin sama ba. Ya ce irin wannan tunanin ne ya hana Arewa ci gaba. Haka Yaya yake, in ka ƙi shawararsa ba shi kaɗai ka ɓata wa ba, Arewa gaba ɗaya ka ja baya. Muka yi ta ja, ni ina cewa ɓarnar kuɗi ce, shi yana cewa ni ce matsalar kamfanin da ba a ko kafa ba tukuna.

Inna ce ta raba gardamar. Ta dube ni ta ce, “A ce masa ya yi abin da ya ga ya dace.”

Yana zaune a gabanta ta faɗi haka, tabarma ɗaya ce tsakaninsu, kuma ba wanda ya ji wani abu baƙo a ciki. Inna 'yar Fulanin gida ce na wajen Kafur, irin waɗanda Fillanci ya kuɓuce musu tun zamanin kakanni amma kunya ba ta kuɓuce ba. A wurinsu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna wa duniya an damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. “Yaron nan” ne, ko “na Kaduna”, in kuma ya ɓata mata rai ya koma “wancan”. Mai shagon bakin layinmu sunansu ɗaya da Yaya, shekara da shekaru tana sayen sabulu a wurinsa, har yau “mai shago” take ce masa. Sunan Baba ma haka: “Malam” ne yana raye, da ya rasu ya zama “marigayi”. Duk unguwa an san wannan, kuma ba wanda ya kai Yaya sani.

Bayan 'yan makonni sai ga shi da kwalaye a bayan mota. Katin kasuwanci, takardun mannawa a jikin robobi, har da allon da za a kafa a ƙofar gida. Ya yi wa sana'ar rajista, ya sayi domen ɗinsa. Na ɗauki kati ɗaya na karanta a fili don Inna ta ji, ban lura da abin da nake karantawa ba sai da ya fita daga bakina. Sunan kamfanin sunan Yaya ne, sai sunan Baba a bayansa, sai wata doguwar jela ta Turanci mai nufin kayan gona na duniya baki ɗaya. Adireshin ma waɗannan sunayen ne aka manne wuri ɗaya. Inna tana tankaɗe a lokacin. Na ga hannunta ya tsaya cak, sannan ta ci gaba da kaɗa rariyarta.

Na ja shi zaure.

“Yaya, ka kuwa san abin da ka yi? Sunaye biyu ne a duniya Inna ba ta faɗa, su ka haɗa ka ce su ne sunan sana'arta.”

“Malama, kamfani ne fa, ba mutum ba.”

Ya ce ya yi ne don raya sunan Baba, kuma an faɗa musu a bita cewa mutane sun fi yarda da kamfanin da yake ɗauke da sunan wanda ya kafa shi. Na tambaye shi me ya kafa, shi da in aka ajiye masa kimba da masoro sai ya tambayi wanne ne wanne. Ya ce aikin gama ya gama, an yi rajista, an buga takardu. Na so ƙwarai Inna ta buɗe baki ta ce ba ta yarda ba, amma ta yaya? Kafin ta ce a canza sunan sai ta zauna da ɗan farinta sun yi maganar sunansa, kuma wannan ya fi sunan kansa nauyi a wurinta. Da na koma ciki abin da ta ce kawai shi ne Allah ya sa alheri.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar ta yi aiki. Hotunan nan dai na da, Turancin nan dai nawa, adireshi kawai aka canza, sai ga amsoshi suna shigowa. Kantunan da suka shekara suna share mu suka fara kiranmu abokan hulɗa. Yaya ya buɗe mana adireshin manaja, da na sashen talla, da na sashen ƙorafi, sannan ya ware wa kansa na shugaba, wanda ban taɓa jin an aika wa ko gaisuwar Juma'a ba. Sauran ukun duk a wayata mai fasasshen gilashi suke sauka. Akwai ranar da wani kanti a Kano ya kai ƙarar sashen talla wurin manaja saboda jinkirin amsa. Ina zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara, da awara a hannu ɗaya, na amsa musu daga ofishin manaja cewa an ja wa ma'aikaciyar kunne kuma ba za ta sake ba.

Babbar wadda muka samu wata Hajiya ce a Abuja mai kantunan kayan abincin Arewa. Ta karɓi ɗanɗano, ta sake aikowa, daga nan kwalayen robobi suka riƙa bin motar Funtua suna tafiya. Aiki ya yi wa Inna yawa har ta ɗauki mata biyu 'yan unguwa suna taya ta daka. Yaya kuwa duk zuwan da zai yi sai ya tsaya gaban allon ƙofar gida ya gyara hula, sannan ya shigo ya tambaye ni ko har yanzu ina ganin jirgin sama kaɗai ya cancanci domen.

Inna ce abin ya zo wa a karkace. A mota za ta fara tallanta kamar yadda ta saba, mutum ya ɗanɗana ya yaba, sai ya ce to mene ne sunan kamfanin, ina ake samunku. Nan bakin da bai taɓa laluben magana ba zai tsaya, ta shiga tonon jaka tana neman kati, ta miƙa ta ce ga shi nan a rubuce. Rabin masu karɓa ba karatun boko suke yi ba, sai su juya katin su mayar mata. Ƙawayenta na Islamiyya suka samu abin wasa. Su tare ta a hanya da fuskar mutunci su ce, Hajiya, don Allah tuna mana sunan kamfanin nan naki, wata ce take tambaya. Ta yi dariya ta ce Allah ya shirye su, amma na san dariyar Inna, wannan ba ita ba ce.

Sannu a hankali sunan da yake jikin roba ya fara cinye nata. Matan da suka shekara suna cewa yajin Inna suka koma shigowa suna neman yajin wane, su ambaci sunan Yaya a tsakar gidanta, ita kuma ta auna musu kamar ba ta ji ba. A Kaduna har taya shi murna ake yi, na ji ma wani abokin aikinsa ya tambaye shi sirrin haɗin, ya yi murmushi ya ce sirrin gida ne. Wata rana muka dawo daga Funtua ni da ita, tun daga tasha har Malumfashi ba ta yi wa kowa talla ba, ta jingina kai da gilashi tana kallon gonakin masara. Ranar na ji tausayinta har ƙasan zuciyata, kuma na ji haushin Yaya irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Hajiyar Abuja. Ta ce masu sayayya yanzu suna son ganin hannun da yake yi musu abinci, don haka duk mai kawo mata kaya zai yi ɗan gajeren bidiyo: mai sana'ar ta tsaya a inda take aikinta, ta gaisa, ta ce ita ce mai yi, ta faɗi sunan kamfani da adireshinsa. Za a riƙa nunawa a kantunanta da shafinta, kuma wanda bai kawo ba kayansa za su sauka daga kanta. Na rubuta daga ofishin manaja na ce ko za a rubuta sunan a ƙasan hoton kawai. Mai kula mata da talla ya ce a'a, da baki ake so, domin muryar za su cira su kai rediyo. Na ce to ni 'yarta ce, zan iya tsayawa. Ya nemi hotona, ya gani, ya amsa cikin ladabi cewa dattijuwa suke so, ba mai tabarau ba.

Yaya bai ko girgiza ba. Ya ce a bita an koya musu cewa kowace matsala dama ce, kuma ya riga ya ga mafita: Gwaggo. Gwaggo ƙanwar Baba ce, a Maska take aure. Ita kam sunayen nan biyu halal ne a bakinta, ɗaya wanta ɗaya ɗanta, kuma takan kira su da ƙarfi ko ba a tambaye ta ba, musamman in Inna tana kusa. Tsakaninsu akwai wasan ƙanwar miji da matar wa, sai dai nasu wasan ya daɗe da fitar da ƙaya. Game da girki kuwa, duk ranar da Gwaggo ta karɓi tukunyar biki a danginmu, mutane da yawa sukan tuna suna da ramuwar azumi. Ita Yaya ya zaɓa ta tsaya a matsayin mai yajin, ya ce ai 'yan Abuja ba su san fuskar kowa ba.

Ni aka bar wa isar da saƙon. Inna ta saurare ni har na gama tana tsince barkono.

“A turmina?” ta ce.

Na ce eh.

“Ta ce ita ke yi?”

Na ce haka aka tsara. Na roƙe ta ta bar ni in je in buɗe wa Yaya wuta ya canza sunan, ko kuma mu haƙura da Abuja gaba ɗaya mu koma yadda muke. Ta ce matan nan biyu da suke daka yanzu da aikin suke ci da 'ya'yansu, ba za ta kore su saboda bakinta ba. Maganar canza suna kuma ta ce kada in kuskura a ji ta daga wajenta. Don haka abu ya tsaya a kan biyu, kuma duk mun san su: ko Inna ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba, ko ta zauna tana kallo wata ta tsaya kan turminta ta ce wa duniya sana'ar tata ce.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. Mai ɗaukar hoton daga Funtua ya zo, irin masu bidiyon biki ne, da kyamararsa da wani farin faifai babba na mayar da haske. Shi kaɗai ya zo, don haka aka ɗora wa shugaban kamfani riƙon faifan. Gwaggo ta sauka daga kan acaba cikin leshi mai nauyi, da sarƙa da awarwaro, da lalle har gwiwar hannu, turarenta yana kokawa da ƙamshin yaji. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Inna da kanta ta share tsakar gida, ta wanke turmi, ta jera barkono da citta a faranti yadda za su yi kyau a hoto, sannan ta shige madafa ta zauna daga bakin ƙofa inda take ganin komai.

Ɗauka ta farko atishawa ta kashe ta, don Gwaggo ta buga taɓarya da ƙarfi garin ya tashi ya shige mata hanci. A ta biyu ta manta da adireshi ta kama jero asalin gidansu tun daga kakan kakanta. A ta uku awarwaron ya hana a ji magana, aka tsaya ana cire shi tana mita. Yaya yana bayan faifai yana zufa, yana karanto mata abin da ya rubuta, yana tuna mata ta yi murmushi irin na amintaccen kamfani. Ni kuwa ina gefe ina tara abin da zan yi masa tsiya da shi har ƙarshen shekara.

Can dai bakin Gwaggo ya daidaita. Ta dubi kyamara ta gyara mayafi ta ce ita ce mai wannan yaji, da hannunta take daka shi tun tana amarya. Ta jero sunayen nan biyu tana jan su kamar mai kirari. Da ta ji abin ya yi mata daɗi sai ta ƙara da abin da ba a rubuta mata ba, ta ce duk matan gidan nan ita ta koya musu riƙon taɓarya.

Sai na ga Inna ta miƙe. Zanen aikinta ne a jikinta, wanda barkono ya riga ya rine, da tsohon mayafi. Ta tako har gaban turmi ba gaggawa.

“Tashi,” ta ce.

Gwaggo ta so ta mayar da abin wasa. “Haba matar wana, ai taimakonki nake yi, tunda naki bakin ba ya ɗauka.”

“Na gode. Tashi.”

Ba ta ɗaga murya ba, amma Gwaggo ta saki taɓarya ta matsa. Inna ta karɓa, ta dubi mai hoto ta ce ya kunna abinsa. Ta yi sallama ta gaida masu kallo, sai bakin nan na motar Funtua ya dawo gaba ɗayansa. Ta faɗi inda barkononta yake fitowa, da yadda take shanya shi, da abin da ya sa mai jego ba ta rabuwa da yajinta, har da yadda ake barbaɗa shi a kan dafaffen ƙwai. Mai hoton da aka ce wa gajere ake so bai ko motsa ya tsayar da ita ba. Ta ce ita ce mai yi, ba wata ba, kuma tun tana da ƙuruciya take yi. Daga nan ta zo inda za ta faɗi sunan kamfani, ta tsaya.

Na ga ta ƙara damƙe taɓaryar. A raina ina roƙon Allah kada ta faɗa, ina kuma roƙon ta faɗa, ban san wanne na fi so ba. Ta sauke idonta cikin turmi, ta kira sunan Yaya. Ba yadda muke gutsure shi a gida ba, ba kuma yadda 'yan ofis suke taunarsa ba. Cikakkensa ta faɗa, a fili, kamar yadda liman ya raɗa shi.

“Na'am.”

Daga bayan farin faifan amsar ta fito, tun kafin ta kai ga sunan Baba. Ba da ƙarfi ba, irin amsar da yaro yake yi in an kira shi daga ɗaki. Inna ba ta waiga ba. Ta faɗi sunan Baba, ta bi jelar Turancin ta lanƙwasa ta yadda harshenta ya iya, ta jero adireshin har ƙarshe ba tuntuɓe. Ashe tuntuni yana kanta. Ta yi godiya ta jingine taɓarya.

Ba wanda ya yi dariya, har Gwaggo. Mai hoton ne kawai, da yake shi aikinsa ya sani, ya ce abin ya yi kyau ƙwarai amma murya ta shigo daga gefe, a daure a maimaita wurin sunan.

“Wanda ka samu shi ke nan,” in ji Inna, ta juya ta koma madafa.

Na dubi Yaya. Har lokacin faifan yana sama a hannunsa, ya manta ya sauke. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, da tumbinsa da furfura a gemu, hawaye suna bin fuskarsa a gaban matan unguwa, bai ko yi ƙoƙarin sharewa ba. Duk tsiyar da na tara masa tun safe na neme ta na rasa. Ni da Inna take kiran sunana tun daga asuba, in miƙo wannan in ɗauko wancan, har nakan yi kamar ban ji ba, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa shi bai san yadda nasa yake fita daga bakinta ba. Mai hoto ya ce kada Alhaji ya damu, zai iya yanke amsar ba wanda zai gane. Yaya ya gyara murya ya ce ya yanke a na mutanen Abuja, amma shi ya tura masa nasa yadda yake, kada ya taɓa komai. Ya ajiye faifan ya fita zaure.

Na shiga madafa na tarar da Inna ta ba ƙofa baya, tana gyara itacen da yake ci da kyau ba ya bukatar gyara. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Muna jin Gwaggo a waje tana neman awarwaronta. Can Inna ta yi magana, ba ta juyo ba.

“Ashe haka yake amsawa.”